Matiyu Hensan, baƙar fatar da ya ratsa ƙasar ƙanƙara

Ƙasar da ruwa ke zama dutsi

Yara, kun san ɗarin hunturu. A watannin Disamba da Janairu iska takan taso daga hamada, ta busa bisa Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri. Leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, da asuba kowa ya matso gindin wuta yana jin ɗumi. Amma ko a daren da ya fi kowane ɗari, ruwan randa ba ya daskarewa.

Can ƙarshen duniya, wajen arewa, akwai ƙasar da sanyinta ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Ruwa yakan daskare in ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. A can kuwa yakan sauka digiri 40 ƙarƙashin sifiri, har ya zarce. Teku kanta takan sandare, mutum ya yi tafiya bisanta kamar bisa fako. Maimakon ruwan sama, wani farin gari ne ke zubowa, shi ake kira dusar ƙanƙara. In guguwa ta kwashe shi, mutum ba ya ganin ko hannunsa. Lokacin ɗari rana takan ɓace wata da watanni. A tsakiyar wannan daskararriyar teku ne Ƙuryar Arewa ta duniya take, wurin da babu sauran wata arewa gabansa.

Yau za mu karanta labarin wani baƙar fata da ya yi shekaru yana kai da kawowa cikin wannan ƙasa. Sunansa Matiyu Hensan.

Maraya cikin jirgin ruwa

An haifi Matiyu ran 8 ga Agusta 1866 a jihar Marilan ta ƙasar Amurka, shekara guda bayan an hana bauta a ƙasar. Iyayensa talakawa ne, manoma. Tun yana ƙarami suka rasu, suka bar shi maraya. Da ya kai kamar shekara 12, sai ya tafi Baltimo, wani birni na bakin teku, ya sami aikin yaron jirgi. Shugaban jirgin, wani dattijo, ya ga yaron yana da hankali. Ya koya masa karatu da rubutu da aikin jirgi. Matiyu ya yi shekaru bisa teku, ya ga ƙasashe da yawa.

A 1887 yana aiki cikin wani kanti a birnin Washintan, sai wani injiniya na sojan ruwa, Robat Piri, ya shigo sayen hula. Piri yana neman yaron da zai raka shi ƙasar Nikaragwa. Ya ɗauki Matiyu. A can ya gane yaron nasa ya iya aiki ƙwarai. Saboda haka, da ya tashi tafiya tsibirin Girinlanda a 1891, sai ya tafi da shi. Tun daga ran nan burinsu guda ne: su kai Ƙuryar Arewa, inda ɗan Adam bai taɓa sa ƙafa ba.

Sai da ɗan gari akan ci gari

A arewacin Girinlanda akwai mutanen da ake kira Inuwit. Da can baƙi suna ce musu Eskimo. Kaka da kakanni nan suke zaune, sun san sanyi kamar yadda Ba'are ya san gonarsa. Baƙi da yawa sun zo gabanin Matiyu da tufafin ƙasarsu da abincin ƙasarsu, sanyi da yunwa suka halaka su.

Matiyu bai raina masu ƙasa ba. Ya zauna tare da su, ya ci abincinsu, ya kasa kunne har ya iya harshensu sarai. Cikin dukan abokan tafiyar Piri babu wanda ya kai shi jin wannan harshe. Inuwit suka so shi, suka sa masa suna Maripaluk, wato Matiyu mai kirki. Da ya iya harshen, sai ilimin mutanen ya buɗe masa. Ga abubuwan da ya koya.

Na farko, tufafi. Matan Inuwit ne ke ɗinka su da fatun dabbobi. Riga mai haɗe da hula, ta fatar barewar ƙasar sanyi ko ta yanyawa. Wando na fatar wata ƙatuwar farar dabba mai yawan gashi, wadda ta fi zaki girma. Takalma dogaye na fatar wata dabbar teku mai kama da ayu, a sa safa ta fatar zomo, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ciki. Ba a matse tufafin, don iska mai ɗumi ta zauna tsakaninsu da jiki, kuma gumi ya sami hanyar fita. A ƙasar ƙanƙara jiƙaƙƙiyar riga mutuwa ce.

Na biyu, ɗaki. Ana yanka dusar ƙanƙara mai tauri da doguwar wuƙa, kamar tubali. A jera a kewaye, ana hawa ana rufewa, har ya zama kamar rumbun ƙasa. Gwanaye sukan gama shi cikin kamar awa guda. Sunansa igulu. Abin mamaki, ɗakin ƙanƙara yana riƙe ɗumi, don akwai iska a tsare cikin dusar, kuma guguwa ba ta ratsa shi.

Na uku, abinci. Jiki kamar murhu ne, in babu itace wuta ta mutu. Itacen jiki a can shi ne nama da kitse. Matafiya sukan yi guzurin busasshen nama da aka daka aka cuɗe da kitse, da biskit, da shayi mai zafi.

Na huɗu, abin hawa. Ba jaki, ba raƙumi. Karnuka ne ke jan wani irin amalanke marar ƙafafu, mai sulɓi bisa ƙanƙara. Matiyu ya iya sassaƙa shi, ya iya gyara shi in ya karye, ya iya kora karnuka da murya da bulala tamkar ɗan ƙasa.

Na biyar, kula da juna. Sanyi yakan kashe hanci ko kunci ba tare da mai shi ya ji ba. Wurin sai ya yi fari. Don haka kowa yana duban fuskar ɗan uwansa, in ya ga fari ya ɗora masa tafin hannu mai ɗumi. In ƙafa ce ta fara sandarewa, sai aboki ya ɗaga rigarsa, ya sa ƙafar bisa cikinsa har jini ya komo.

Na shida, haƙuri. In guguwa ta taso ba a jayayya da ita. A tsaya, a gina ɗaki, a kakkaɓe tufafi, a shiga, a toshe ƙofa. Karnuka su dunƙule waje, dusa ta rufe su. A jira, ko kwana nawa ne.

Shekarun wahala

Duk da wannan ilimi, tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1895 Piri da Matiyu da wani abokinsu suka ratsa tudun ƙanƙara na Girinlanda. Guzuri ya ƙare. Suka komo da ƙyar, kare guda kaɗai ya rage musu.

A watan Janairu 1899, cikin duhun ɗari, sanyi ya cinye ƙafafun Piri. Matiyu da abokan tafiya suka ɗaure shi bisa amalanke, suka ja shi kusan kilomita 400 zuwa jirginsu. Piri ya rasa yatsun ƙafa 8. A 1906 suka sake gwadawa. Guguwa ta tsare su kwana da kwanaki, ƙanƙarar teku ta tsage, dole suka juyo, suna yanka karnukansu suna ci.

Tafiyar 1909

A watan Yuli 1908 suka tashi daga birnin Niyu Yok cikin jirgin ruwa. Suka biya Girinlanda suka ɗauki Inuwit, maza da mata, da karnuka. Suka yi zaman ɗari a tsibirin Elesmiya, can arewacin Kanada, inda rana ke ɓacewa fiye da wata huɗu. Cikin wannan dogon dare mata suna ɗinki, Matiyu yana sassaƙar amalanke.

Ran 1 ga Maris 1909 suka hau daskararriyar teku: mutum 24, amalanke 19, karnuka 133. Tsakaninsu da Ƙuryar Arewa kamar kilomita 760 ne. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wani wuri ƙanƙara ta taru ta yi tsauni, sai an sare ta da gatari. Wani wuri ta rabe, baƙin ruwa ya bayyana, sai a jira ya daskare. An kasa mutane ƙungiya ƙungiya. Waɗansu su share hanya, su kai guzuri, sa'an nan su juya gida. A ƙarshe mutum shida suka rage: Piri, da Matiyu, da Inuwit huɗu, Uta da Egingwa da Siglu da Ukeya.

Ana saura ƴan kwanaki su isa, Matiyu yana ƙetare sabuwar ƙanƙara, sai ya zame ya faɗa ruwa. A irin wannan ruwa mutum ba ya daɗewa da rai. Uta ya cafke shi ta wuyan riga, ya fizgo shi waje. Nan take aka sake masa takalma, aka kakkaɓe ƙanƙarar da ta kama wandonsa, suka ci gaba. Da Matiyu ba shi da amini cikin masu ƙasa, da labarinsa ya ƙare a nan.

Ran 6 ga Afrilu 1909 Piri ya auna tsayin rana, ya shaida musu sun iso. Matiyu, yana da shekara 42, ya kafa tutar Amurka. Suka yi kamar awa 30 a wurin, suka juyo, dukansu shida suka komo da rai.

Har yanzu masana suna gardama bisa wannan rana. A 1989 wani matafiyi na Ingila, Wali Habat, ya binciki takardun Piri, ya ga kamar sun tsaya da sauran tazara. Waɗansu kuma sun tsaya a kan sun isa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne tafiyar da suka yi bisa tekun ƙanƙara, da gwanintar da ta komo da su gida.

Girma ya zo a makare

Da suka koma Amurka, Piri ya sha yabo da lambobin girma. Matiyu kuwa aka manta da shi, don a zamanin nan ana nuna wa baƙar fata bambanci ƙwarai. A 1912 ya rubuta littafi bisa tafiyarsa. Daga 1913 ya yi aikin malanta a gidan duwan na Niyu Yok, fiye da shekara 20. Sai da ya tsufa aka tuna da shi. A 1944 majalisar dokokin Amurka ta yanke a ba shi lambar girma, shi da abokan tafiyarsa. A 1954 shugaban ƙasa ya karɓe shi a fadarsa.

Matiyu Hensan ya rasu ran 9 ga Maris 1955, yana da shekara 88. A 1988 aka mai da kabarinsa maƙabartar Alintan, inda ake binne jaruman Amurka, kusa da na Piri. Cikin waɗanda suka halarta har da jikokinsa Inuwit, da suka zo daga Girinlanda.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Matiyu, kuma wa ya koya masa karatu?
2. Don me Inuwit ba su matse tufafinsu?
3. Yaya ake gina igulu?
4. Me matafiya ke yi in guguwar ƙanƙara ta taso?
5. Wane amfani jin harshen Inuwit ya yi wa Matiyu?

Aiki

Ku tambayi wani makiyayi ko wata tsohuwa ta unguwarku yadda ake kare jarirai da ƴan awaki daga ɗari. Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi biyar, da Hausa, sa'an nan da Faransanci.