Matar da Ta Ga Wa'azi a Jikin Fure

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura da ƙwallon tumfafiya sa'ad da ya bushe ya fashe? Iska takan kwashe 'ya'yan, kowanne da farin gashinsa, har ƙwallon ya zama fanko. Akwai wata mace da ta yi shekaru tana duban irin wannan abu, tana zana shi. Sunanta Lilias Trotter.

An haife ta a Landan, a ƙasar Ingila, a shekara ta 1853, a gidan masu hali. Tun tana yarinya Allah ya ba ta baiwar zane. Da fentin ruwa take aiki. Takan jiƙa launi, ta shafa da ɗan burushi a kan farar takarda, sai ka ga fure kamar ka tsinka.

A shekara ta 1876, a ƙasar Italiya, uwarta ta aika wa John Ruskin da zanenta. A zamanin nan, in ana maganar sanin zane a Ingila, shi ne gaba. Ya yi mamaki ƙwarai, ya shiga koya mata. A 1879 ya faɗa mata za ta iya fin dukan masu zane na zamaninta, amma sai ta ba da ranta duka ga wannan aiki.

Ka ga inda gizo yake saƙa. A lokacin tana hidimar Ubangiji, tana taimakon matan da wahala ta jefa kan titi. Ta yi addu'a, ta yi ta juyayi. A ƙarshe ta zaɓi hidima, ta bar neman suna.

Ta nemi wata mishan ta aike ta Afirka ta Arewa, aka ƙi, domin zuciyarta ba lafiya. Duk da haka, a watan Maris na 1888 ta sauka a Aljeriya, ƙasar da ke iyaka da Nijar daga arewa, ita da abokai mata biyu. Ko gaisuwa ba su iya da Larabci ba. Ta zauna shekara 40, tana shiga gidaje wurin mata da yara, tana hawan raƙumi zuwa garuruwan Hamada.

Amma ba ta yar da burushinta ba. Ta cika littattafan ajiyarta da zanen yashi, da dabino, da faɗuwar rana. A wurinta halitta littafi ce ta Mahalicci, wanda ya natsu shi yake karantawa. A cikin wani ɗan littafinta ta zana wani fure rawaya na ƙasarsu, wanda yake sakin 'ya'yansa ga iska kamar tumfafiya. Koyarwarta ita ce, furen da ya riƙe irinsa ba ya haifar kome. Ka buɗe Yohanna 12:24, ka ga inda ta samo wannan.

Ta rasu a Aljeriya ran 27 ga Agusta, 1928.

To, ɗan'uwa, kai manomi ne, ka san geron da ya kwana a rumbu ba ya yin zangarniya. Sai wanda aka binne a ƙasa. Mene ne kake riƙewa da hannu biyu, wanda Yesu yake kira ka saki? Gobe da safe, in ka fita gona, tsaya ka duba.