Mika'il Botbinik, gwanin dara wanda ya ƙi wasan gaggawa

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, babu wanda bai san dara ba: gidaje 30 da ake tonawa a ƙasa, ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa. Akwai kuma wata dara ta ƙasashen waje mai gidaje 64, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, Faransawa kuma suna ce mata eshek. Ita ana yin ta da agogo. A gasar duniya ta zamanin da, akan ba mutum awa biyu da rabi don ya yi motsi 40. A wasan gaggawa kuwa, minti 5 kawai ake ba shi ya gama duka. Yau samari da yawa suna yin na gaggawa cikin wayar salula, wasa bayan wasa. Shin wannan yana ƙara gwaninta, ko kuwa yana dakushe ta? Tarihin Mika'il Botbinik yana da abin da zai koya wa mai wannan tambaya.

An haifi Botbinik ranar 17 ga watan Agusta na shekara ta 1911, a ƙauyen Kuwokala, kusa da birnin da daga baya aka kira Leningirad. Yana da shekara 12 ya koyi wasan. A shekara ta 1925 zakaran duniya Kapabilanka, mutumin ƙasar Kuba, ya zo Leningirad, ya kara da mutane da yawa a lokaci guda. Yaron nan mai shekara 14 yana cikin waɗanda suka ci shi. A 1931 Botbinik ya zama zakaran Tarayyar Sobiyat, kuma sau 6 yana samun wannan matsayi.

Duk da haka bai bar karatu ba. Ya zama injiniyan lantarki, har ya sami digirin dakta a 1951. Yadda injiniya ke auna aikinsa, haka yake auna wasansa. Kafin gasa yakan keɓe kansa, ya binciki wasannin abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, ya gano inda kowa ke da rauni. Yakan yi tafiya a ƙasa kowace rana don lafiyar jiki. Da yake hayaƙin taba da hayaniya suna damun sa, sai ya sa abokinsa Ragozin ya riƙa busa masa hayaƙi, rediyo na kunne, suna wasan gwaji, har ya saba. Bayan gasa kuma yakan rubuta sharhin wasanninsa, ya buga, domin jama'a su nuna masa kurakuransa.

Mutum mai irin wannan hali ba ya ganin amfanin wasan minti 5. Ya guje shi, ya kuma gargaɗi almajiransa a kansa. A ganinsa, wanda ya saba motsa hannu kafin ya yi tunani, ranar babbar gasa ma haka zai yi. Amma bai raina agogo ba. Shawararsa ga wanda lokaci ke ƙure wa ita ce ya yi wasannin gwaji yana lura da agogo, har ya iya raba lokacinsa daidai.

Bayan mutuwar zakaran duniya Alekin a 1946, an shirya gasa a biranen Heg da Mosko a 1948, Botbinik ya zo na ɗaya. A 1957 Simisilof ya karɓe kambun, shi kuma ya maido shi a 1958.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 1960, daga hannun Mika'il Tal, saurayi ɗan shekara 23 daga birnin Riga. Tal ya sha bamban da shi ta kowace fuska: mai saurin lissafi ne, mai son kasada, kuma masoyin wasan gaggawa. Ya ci Botbinik da maki 12 da rabi, shi kuwa yana da 8 da rabi. Mutane suka zaci zamanin dattijon ya wuce. Botbinik ya koma gida, ya share watanni yana nazarin waɗannan wasanni, ya gane irin yanayin da Tal ba ya jin daɗinsa. A 1961, yana dab da cika shekara 50, ya rama da maki 13 da 8. Gaskiya ne Tal yana fama da ciwon ƙoda a lokacin, amma masana sun yarda shirin Botbinik ya yi aiki ƙwarai. Kamar yadda Hausawa ke cewa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Petirosiyan ya karɓe kambun a 1963, kuma a 1970 Botbinik ya daina shiga gasa. Ya mai da hankali ga makarantarsa ta horar da yara, inda kowane almajiri zai kawo wasanninsa, a zauna a warware su dalla-dalla. Uku daga cikin almajiransa sun zama zakarun duniya: Karfof, Kasfarof da Kiramnik. Ya kuma yi shekaru yana ƙoƙarin koya wa kwamfuta tunani irin na gwani, aikin da bai kammala ba. Ya rasu a Mosko ranar 5 ga watan Mayu na 1995.

Adalci ne a faɗa cewa wasan gaggawa bai halaka Tal ba, domin a 1988 ya ci gasar duniya ta wannan fanni a ƙasar Kanada. Kasfarof ma ya shahara a cikinsa, amma sai bayan ya sha dogon nazari a gaban malaminsa. Wasan gaggawa yana wasa idon mutum, yana fito da abin da ya riga ya sani. Gyaran kuskure kuwa sai an zauna an duba wasan da ya wuce. Saurayin Dogon Dutsi ko na Tibiri da ke yin wasa 20 a dare ɗaya cikin wayarsa zai fi ci gaba idan ya rage su, ya ɗauki guda wanda aka ci shi, ya nemi wurin da ya ɓata, kamar yadda tsofaffin ƴan dara ke maido ƴaƴa cikin gidajensu bayan wasa don su nuna wa yaro inda ya yi sake.