Abubakar Imam: Malamin Turancin da ya zama jigon adabin Hausa

A kowace shekara idan damina ta kusa, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare a Batsari da Safana, kamar sauran takwarorinsu na jihar Katsina, kan duƙufa kan tsofaffin takardun jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO. Dalilin a fili yake. Duk ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci ba, da wuya ƙofar jami'a ta buɗe masa, komai ƙoƙarinsa a sauran darussa.

Wannan fargaba ba ta tsaya a Nijeriya kaɗai ba. A ƙasar Sin, ɗalibai fiye da miliyan 13 ne suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ta Gaokao a shekarar 2024, kuma harshen waje, wanda ga akasarinsu Turanci ne, yana cikin manyan darussa uku da ake gwada su a kai.

A ƙasar Katsina kuwa, tarihin koyar da Turanci ya kai shekaru ɗari. Cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙe alli suka koyar da shi akwai marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda yawancin jama'a suka fi sani da littafin Magana Jari Ce, ba da aikin malanta ba.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, kuma asalin zuriyarsu daga ƙasar Barno ne. A gida ya fara karatun allo da na littattafan addini, kamar yadda aka saba a gidajen malamai.

Yayansa, Malam Bello Kagara, shi ne sanadin zuwansa Katsina. Malam Bello yana daga cikin malaman farko na Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya koyar da Larabci da addinin Musulunci, kafin daga bisani ya zama Walin Katsina. A hannunsa Abubakar ya zauna ya yi makarantar lardi, sannan ya shiga kwalejin a shekarar 1927.

Gwamnan Nijeriya na wancan lokaci, Hugh Clifford, shi ya buɗe kwalejin a hukumance a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya ba ta cikakken goyon baya a lokacin da jama'a da dama ke ɗari-ɗari da karatun boko. Shekara biyar ake yi a cikinta, kuma ɗalibai kaɗan ake ɗauka daga kowane lardi na Arewa. Abubakar Imam ya tarar da Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, shi kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo bayansa a 1928.

Abin da kwalejin ta fi shahara da shi shi ne Turancin baka. Malamanta Turawa, musamman Gerald Power, sun matsa wa ɗalibai kan lafazi da karatu a bayyane, har ta kai ana gane tsohon ɗalibin Katsina da zarar ya buɗe baki. Wannan horo ne ya haifar da muryar da aka riƙa yaba wa Tafawa Ɓalewa da ita a majalisa bayan shekaru da yawa. Sai dai makarantar malamai take yayewa don makarantun En'e, ba ta shirya ɗalibanta don shiga jami'a ba. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa Kudu ta yi wa Arewa nisa wajen masu takardun shaidar ilimi mai zurfi.

Malami a Midil

Abubakar Imam ya kammala kwalejin a shekarar 1932, aka tura shi Makarantar Midil ta Katsina a matsayin malamin Turanci. Yana da shekara 21 a lokacin.

A tsarin wancan zamani, da Hausa ake koyarwa a makarantun elemantare, sai yaro ya shiga Midil sannan yake haɗuwa da Turanci gadan-gadan. Makarantar Midil ta birnin Katsina ita ce ke karɓar yaran da suka yi fice daga gundumomin masarautar, har da na yammaci, wato yankin da a yau ya ƙunshi Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina. Yaron da ya fito daga irin waɗannan ƙauyuka na bakin dajin Rugu bai taɓa jin Turanci a gida ko a kasuwa ba, babu rediyo, babu jarida. Cikin 'yan shekaru ake so ya iya karanta shi, ya rubuta shi, har ya ci jarrabawar da za ta kai shi kwaleji ko ta ba shi aikin malanta a ofishin En'e.

Nauyin wannan aiki a wuyan malamin Turanci yake. Hukumar WAEC ba ta zo ba sai a 1952, amma tun a lokacin Turanci ne matakin da ke raba wanda zai ci gaba da wanda zai koma gida. Imam ya san wahalar daga ciki, domin shi ma bai daɗe da tsallake ta ba. Ya kuma san wata matsala da ta fi ta girma: yaran ba su da abin karantawa mai daɗi ko da a harshensu. Littattafan Hausa na boko da ake da su a lokacin galibi fassara ce da littattafan darasi. Yaron da bai saba karatu don nishaɗi da harshen uwarsa ba, ba ƙaramin aiki ba ne a sa shi ya so karatu da baƙon harshe.

Gasar 1933

Wani jami'in ilimi Bature, Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya lura da wannan giɓi. A shekarar 1933 ya zagaya biranen Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka kuma sanya gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Biyu daga gida ɗaya suke: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar. Sauran su ne Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, wanda suke ta yi wa juna wayo daga gari zuwa gari. Masana adabi sun nuna cewa marubucin ya ɗauko salon daga Maƙamatul Hariri da wasu littattafan da ya karanta. Amma barkwancin da habaicin da ke ciki na ƙasar Hausa ne tsantsa, kuma su ne suka ja hankalin East.

A shekarar 1936 aka ari Imam daga makarantarsa zuwa Zariya na wasu watanni. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ciki har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan uwan nan biyu Jamusawa, Grimm. Daga nan aka sami Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda aka buga a ƙarshen shekarun 1930.

A nan ne iliminsa na Turanci da Larabci ya yi amfanin da babu wanda ya zata. Imam ba fassara ya yi ba. Yakan karanta labari, ya tuɓe masa rigar ƙasarsu, ya sa masa ta Hausa, da sarki da fadawa da alƙali da 'yan kasuwa, har mai karatu ya rantse a garinsu abin ya faru. Ya ɗaure labaran da zare ɗaya, wato aku mai hikima da ke ɗauke hankalin Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Wanda ya karanta juzu'i na uku zai ga hannun malamin makaranta ƙarara, domin a can akun, wanda ya riga ya zama waziri, zaunar da ɗansa Fasih yake yi yana koya masa dabarun ba da labari, yana kuma gwada shi.

Akwai masu sukar cewa yawancin labaran aro ne, kuma hannun East ya yi yawa wajen tsara su. Batun aron gaskiya ne, ba a kuma ɓoye shi ba. Amma jimlolin na Imam ne, kuma a kansu ne ɗalibai da dama suka koyi yadda ake rubuta Hausa, tun daga alamomin rubutu har zuwa yadda ake tsara zance tsakanin mutum biyu.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

Ya koma aji a Katsina, amma zaman bai yi tsawo ba. Yayin da yaƙin duniya na biyu ke ƙaratowa, jita-jita ta bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga tana bukatar jarida da Hausa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na farko, kuma ya riƙe ta fiye da shekara goma. Daga nan ya yi sallama da koyar da Turanci a aji.

Jaridar ta gwamnati ce, kuma wannan ya taƙaita abin da za ta iya faɗa. Duk da haka shafin wasiƙunta ya zama wurin da malaman makaranta da ma'aikatan En'e ke bayyana ƙorafinsu, abin da ba su da shi a da. Aikin edita ya kuma tilasta masa yin abin da ya saba yi a aji, amma a juye: kullum sai ya nemo wa kalmomin yaƙi da siyasa da kimiyya na Turanci sunan da manomi zai gane idan aka karanta masa a dandali.

A shekarar 1943 ya shiga tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ne Azikiwe ya gabatar da takardar neman a ba ƙasashen yankin mulkin kai cikin shekara 15. Imam ya ƙi sa hannu. Matakin ya jawo masa suka daga 'yan kishin ƙasa na Kudu, waɗanda suka ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa. Shi kuwa abin da yake gani shi ne yawan mutanen Arewa da suka yi karatun boko bai taka kara ya karya ba, kuma idan Turawa suka tafi a haka, wasu ne za su cike ofisoshin. Ko an yarda da matsayinsa ko ba a yarda ba, mutumin da ya koyar a Midil ya san adadin yaran da ke fitowa daga cikinta a shekara.

A wannan tafiya ya gana da Lord Lugard, ya kuma rubuta masa bayani kan matsalolin Arewa, ciki har da yadda tsarin En'e ke danne matasa masu ilimi da kuma ƙarancin makarantu. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Siyasa da aikin gwamnati

Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC. Ya yi wakilci a majalisa a farkon shekarun 1950, amma bai daɗe a fagen siyasa ba. Ya yi aiki da Hukumar NORLA mai buga littattafai don yaƙi da jahilci, sannan a tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Lokacin ne gwamnatin Sardauna ke aiwatar da manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa. Matsalar da ya hango a 1943 ta dawo kan teburinsa: guraben aiki da yawa, masu takardar shaida kaɗan. Tsohon malamin da ya shirya yara don jarrabawa shi ne yanzu ke zaune yana tantance waɗanda suka ci ta.

Bai daina rubutu ba. Ya wallafa littattafai kan tarihin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na wasu sahabbai, ya kuma haɗa hannu da East wajen rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da kimiyya da Hausa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekara 70. An buga tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da kansa a 1989, bayan Abdurrahman Mora ya tace shi, kuma da Turanci aka buga shi. Kwalejin da ta horar da shi ta bar Katsina tun 1938 zuwa Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a birnin Katsina, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi.