LIKITA MILA NA ZARIYA: TAURIN KAI DA BANGASKIYA

Kowace ranar Lahadi, a majami'u da yawa na Suleja da Minna da Kaduna, har ma da na Agege da Sabon Badun inda 'yan Arewa suke zaune, da Hausa ake karanta Littafi Mai Tsarki. Yawancin masu sauraro ba Hausawa ba ne. Akwai Gbagyi da Angas da Tangale da Bachama, amma Hausa ce ta haɗa su wuri guda. Kaɗan ne daga cikinsu suka san mutumin da ya fi kowa shan wahala kafin littafin nan ya fito da Hausa. Shi ne Dokta Walter Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila na Zariya. Mutum ne mai tsananin riƙon addininsa, mai kuma tsananin taurin kai, har ya zama da wuya a raba halayen nan biyu cikin tarihinsa.

An haife shi a shekarar 1872 a lardin Devon na ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Da ya so, da ya zauna a gida ya nemi kuɗi da suna, amma tun yana saurayi ya ƙudura a ransa cewa Allah ya kira shi zuwa ƙasar Hausa. Saboda haka ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., watau ta cocin Ingila. A zamanin nan Bature ba ya shiga Kano yadda ya ga dama, don haka sai aka tura shi Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ne ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan daga baya ya zama kamar ɗansa, ya kuma taimake shi ƙwarai wajen gane lungunan Hausa.

A farkon shekarar 1900 Turawa biyar suka tashi daga Ikko suka nufi Kano, Bishop Tugwell ne shugabansu, Mila kuwa shi ne likitan ayarin. A watan Janairun shekarar ne Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, amma ikonsa bai kai Kano ba tukuna, kuma bai ji daɗin wannan tafiya ba. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu. Da suka isa Kano, Sarki Alu Babba ya ƙi yarda su zauna, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya mutu, sauran kuma rashin lafiya ya tarwatsa su, kowa ya koma gida.

To, a nan ne aka fara ganin amfanin taurin kan Mila. Wani da ya ga an kore shi, abokinsa ya mutu, shi ma da ƙyar ya sha, sai ya haƙura. Shi kuwa da ya sami sauƙi sai ya komo Girku, ya yi ta nacin sai an bar shi ya shiga birni. A shekarar 1905 ya sami izini ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Wannan babban abu ne, domin bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, kuma saboda alkawarin nan aka hana 'yan mishan zama a biranen Musulmi. A ƙasar Hausa, Zariya ce ta fita daban, kuma nacin mutum ɗaya ne ya jawo haka.

Amma fa halin da ya shigar da shi birnin shi ne ya hana shi zaman lafiya a ciki. Mila ba ya iya ganin abin da bai yarda da shi ba ya yi shiru, kuma idan ya yanke hukunci a kan abu, ba mai juya shi. Ya zo da tunanin cewa talakawan Hausa sun gaji da mulkin Fulani, wai da zarar an karya ikon sarakuna za su bar Musulunci su bi shi. Wannan kuskure ne babba. Bai gane cewa talaka yana iya kuka da haraji da zaluncin dogari, amma ya riƙe sallarsa gam ba. Maganganun da ya riƙa yi a kan Musulunci suna da kaushi, sun ɓata wa malamai rai, sun kuma rufe masa ƙofofin da maganinsa ya buɗe. Mutane suka riƙa zuwa karɓar magani suna godiya, amma waɗanda suka karɓi addininsa a cikin birni ba su taka kara sun karya ba.

Haka kuma bai bar 'yan'uwansa Turawa sun huta ba. Ya riƙa rubuta wa Razdan da Gwamna takardu yana sukar mulkin En'e, yana cewa gwamnati ta ɗaure wa azzalumai gindi. Lugga yana girmama shi saboda sanin Hausa, amma gwamnonin da suka biyo baya, kamar Girouard, sun ɗauke shi mai tayar da zaune tsaye. Ya kawo shawarar a ba shi makarantar 'ya'yan sarakuna, ba a amince ba. A ƙarshe Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909.

Rigimarsa mafi girma ita ce wadda ya yi da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, sarki malami kuma mawaƙi, wanda a zamaninsa ne Mila ya shiga birni. Da farko suna shiri, daga baya suka ɓata. Mila ya zargi Sarki da zalunci da cinikin bayi a ɓoye, ya kuma tsaya tsayin daka wajen kai ƙara. Wajen shekarar 1920 Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu suka kai shi Lakwaja, a can ya rasu. Mila ya ɗauka ya tsaya wa talakawa ne, kuma akwai talakawan da suka ga haka. Amma Zazzagawa da yawa sun ga baƙo ne ya tozarta mai masaukinsa, kuma daga ranar nan duk wani mai sarauta ya san cewa zama kusa da Likita haɗari ne.

Duk da haka, ba za a ce mutumin nan ba shi da tausayi ba. A shekarar 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa, watau mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka taru suna noma suna karatu. Mila ya ɗauka addu'arsa ce aka amsa. Ba a yi shekaru da yawa ba sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya auka wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka watse. Likita ne shi, amma ba shi da maganin da zai tsayar da annobar. Ya kwashe marayun ya kai su makarantarsa a Zariya. Bai taɓa aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Ya ci da su, ya tufatar da su, ya kuma riƙe su da horo mai tsanani, irin na uban da ba a yi masa musu.

A ƙarshen shekarun 1920 gwamnati da En'e suka matsa sai mishan ta fita daga birni. Shugabannin C.M.S. da samarin 'yan mishan, irin su Guy Bullen, suka amince a koma Wusasa, bayan ganuwa, inda za a sami filin gina asibiti da makaranta. Mila ya ƙi ƙememe. A ganinsa barin birni gudu ne daga fagen fama. Wannan karon taurin kai bai yi masa rana ba. Wajen 1929 aka kammala ƙaura, shi kuwa ya bar ƙasar Zazzau ya koma Kano, bayan shekara ashirin da wani abu yana cikin birnin.

Ɓacin ran nan bai sa ya yar da aikin ba. Ya duƙufa kan fassarar da ya daɗe yana yi tare da malamai Hausawa da 'yan wasu ƙungiyoyin mishan. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna Schön ya fara juya sassan littafin da taimakon Dorugu, amma ba a taɓa kammalawa ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausar boko. Shi aka yi ta karantawa kusan shekara hamsin kafin sabuwar fassara ta fito. Aiki ne mai bukatar mutumin da zai kwana yana jayayya a kan kalma guda, kuma Mila irin mutumin nan ne.

Ya bar aikin C.M.S. a 1935, ya tafi Ingila, amma zama bai yiwu masa ba, ya sake komowa Nijeriya. Ya rubuta littattafai da Turanci yana ci gaba da sukar mulkin Turawa da na En'e, ɗaya ya fito a 1936, wani a 1947. Ya rasu kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara tamanin.

Abin mamaki, Wusasar da ya ƙi ita ce ta ɗaukaka sunansa. Daga zuriyar makarantarsa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko. A Wusasa Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ya yi karatu, ya zo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mila ya zo ne domin ya juya ƙasar Hausa, ƙasar kuwa ba ta juyu ba. Da ya iya sassauta harshe, da wataƙila ya mutu da abokai da yawa a Zariya. Da kuma ba shi da wannan kafiya, da tun a Girku ya koma gida, ba a ƙara jin labarinsa ba. Abin da ya bari shi ne littafi guda, da 'yan yaran da ya rena, da Hausar da ake ji a majami'u daga Suleja har bakin teku.