Nikolai Vavilov: Mai tara irin shuka da yunwa ta kashe a kurkuku

An haifi Nikolai Vavilov a birnin Mosko na Rasha a ranar 25 ga Nuwamba, 1887. Ya karanci ilimin noma a ƙasar da fari da yunwa suka sha addaba, ya kuma yi imani cewa maganin yunwa yana cikin irin da manoma suka gada kaka da kakanni. Daga 1921 ya jagoranci cibiyar binciken tsirrai da ke birnin da daga baya aka sa wa suna Leningrad. Ya zagaya nahiyoyi biyar, ya shiga Iran da Afganistan da Habasha, yana karɓar iri daga hannun manoma, yana rubuta sunan kowanne da wurin da ya fito. Zuwa 1940 rumbun cibiyar ya ƙunshi samfura fiye da 200,000.

Ajiye iri aiki ne na kullum. Ƙwayar hatsi tana raye, kuma ƙarfin tsirowarta yana raguwa a hankali, don haka sai an busar da ita, an tsare ta daga danshi da ɓeraye, an kuma sake shuka ta lokaci-lokaci. Dankali kuwa sai an dasa shi kowace shekara.

Matsalarsa ta faro ne da Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya kuma samu goyon bayan Stalin. An kama Vavilov a watan Agustan 1940 yana tsaka da tattara iri a Yukiren. An yanke masa hukuncin kisa a 1941, aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov a ranar 26 ga Janairu, 1943.

A lokacin da yake tsare, sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya ta kwana 872. Ma'aikatan cibiyar suka raba gadi a tsakaninsu cikin sanyi mai tsanani, suna kare rumbun daga ɓeraye da mayunwata. Da dama daga cikinsu sun mutu da yunwa alhali abinci na gabansu, ciki har da Dmitri Ivanov mai kula da shinkafa da Aleksandr Shchukin mai kula da gyaɗa. Sun riƙe ƙa'idar da kowane manomi ya sani: komai tsananin yunwa, ba a cin iri.

An wanke sunan Vavilov a 1955, kuma cibiyar tana ɗauke da sunansa har yau. Rumbunan iri na zamani, daga na Svalbard a Norway zuwa na cibiyar IITA a Ibadan mai adana dubban nau'o'in wake, suna bin sawunsa. Sun fi shi na'urorin sanyaya, amma abin da ya ceci rumbun Leningrad shi ne rajista mai tsafta da ma'aikata masu amana.