George Müller

George Müller (27 ga Satumba 1805 – 10 ga Maris 1898), wanda asalin sunansa Johann Georg Ferdinand Müller, mai wa'azin addinin Kirista ne haifaffen ƙasar Jamus, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a birnin Bristol na Ingila. An fi saninsa da gidajen marayu guda biyar da ya gina a unguwar Ashley Down, da kuma hanyar da ya bi wajen ɗaukar nauyinsu, domin bai taɓa roƙon kowa kuɗi kai tsaye ba, kuma bai yarda da cin bashi ba. A tsawon rayuwarsa marayu 10,024 ne suka tashi a hannunsa. A rubuce-rubucen Turanci akan ga sunan a matsayin Mueller ko Muller, saboda wasalin ü babu shi a baƙaƙen Ingilishi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Kroppenstedt kusa da Halberstadt, a masarautar Farusiya ta wancan lokaci. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne. Müller da kansa ya bayyana cewa ƙuruciyarsa ba ta yi kyau ba. Tun kafin ya kai shekara goma yake ɗibar kuɗin gwamnati da ke hannun mahaifinsa, kuma a daren da mahaifiyarsa ta rasu, yana da shekara 14, yana can wajen karta da abokai. Yana ɗan shekara 16 aka tsare shi sama da mako uku a kurkukun Wolfenbüttel saboda ya kwana a otal-otal ya gudu bai biya ba, sai da mahaifinsa ya biya kuɗin aka sake shi.

A shekarar 1825 ya shiga Jami'ar Halle don karatun addini, ba don yana da sha'awa ba, sai don mahaifinsa na ganin aikin coci aiki ne mai rufin asiri. A watan Nuwamba na wannan shekara wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a gidan wani mutum mai suna Wagner, kuma daga nan ne ya ce rayuwarsa ta canza. A Halle ɗin ya zauna kimanin wata biyu a ɗakunan da ake ba ɗalibai marasa galihu kyauta a cikin babban gidan marayun da August Hermann Francke ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 17. Wannan gida ne ya zama abin koyinsa daga baya.

Zuwa Ingila

Ya isa Landan a 1829 domin yin aiki da wata ƙungiyar mishan. Rashin lafiya ta sa ya tafi Teignmouth a yankin Devon, inda ya haɗu da Henry Craik, wanda ya zama abokin aikinsa na shekaru da yawa. Ya zama fasto a wata ƙaramar majami'a mai mambobi 18 a kan albashin fam 55 a shekara. A ranar 7 ga Oktoba 1830 ya auri Mary Groves, kuma kafin ƙarshen watan ya ajiye albashin. Dalilinsa shi ne daga kuɗin hayar benci ake biyansa, wato mai kuɗi ya zauna a gaba, talaka a baya. Aka sa akwati a cocin, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa.

A watan Mayu 1832 shi da Craik suka koma Bristol, shekarar da annobar kwalara ta afka wa birnin. A 1834 suka kafa cibiyar da ake kira Scriptural Knowledge Institution for Home and Abroad, wadda aikinta tallafa wa makarantu da 'yan mishan da rarraba Littafi Mai Tsarki. Ƙarƙashin wannan cibiya aikin marayu ya kasance.

Gidajen titin Wilson

A wancan zamani marayan da ba shi da dangi mai hali yakan ƙare ne a kan titi ko a gidan aikin matalauta, irin wanda dokar talakawa ta 1834 ta yawaita. 'Yan gidajen marayun da ke akwai kuwa, da yawansu sai an biya kuɗi, ko kuma masu ba da gudummawa su jefa ƙuri'a a kan yaron da za a ɗauka, don haka wanda bai san kowa ba ba ya samun shiga. Müller ya soke wannan a tsarinsa. Sharuɗɗansa uku ne: a ce yaron ya rasa uwa da uba, ba shi da abin dogaro, kuma an haife shi ta hanyar aure. Sharaɗi na ƙarshen ya rufe ƙofa ga yara da yawa da suka fi kowa buƙata, kuma yana cikin abubuwan da ake sukar tsarin da su a yau.

A watan Disamba 1835 ya bayyana niyyarsa a wani taro. Abubuwa uku ya ce yana roƙon Allah: gida, fam 1,000, da mutanen da suka dace su kula da yara. Gudummawar farko da ta shigo sule ɗaya ce. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuma kwabo 12, wato lissafin da Hausawa suka yi amfani da shi kafin zuwan naira, inda ma aka aro kalmomin fam da sule. Ba a daɗe ba wasu ma'aurata suka rubuto suna ba da kansu da kayan ɗakinsu, kuma ba su nemi albashi ba. Wata mai ɗinki, wadda abin da take samu a mako bai kai sule huɗu ba, ta kawo fam 100 daga gadon da ta ci. Müller ya yi ta ƙoƙarin sa ta sake tunani kafin ya karɓa.

Akwai wani abin mamaki da ya rubuta game da wannan lokaci. Ranar da aka sa don karɓar takardun neman shiga, a watan Fabrairu 1836, babu ko mutum ɗaya da ya zo. Sai ya tuna ya roƙi gida da kuɗi da ma'aikata amma bai roƙi yara ba. Washegari aka kawo buƙata ta farko. A watan Afrilu 1836 aka buɗe gida mai lamba 6 a titin Wilson don 'yan mata 30. Aka ƙara na jarirai da ƙananan yara a wannan shekara, na maza a 1837, na huɗu kuma a 1843, duk na haya a titi ɗaya. Zuwa 1845 yaran sun kai kimanin 130.

Yadda ake ɗaukar nauyin gidajen

Ƙa'idojin kuɗi na cibiyar kaɗan ne amma masu tsauri. Ba a tunkarar mutum a ce ya ba da taimako, ba a neman wani mai sarauta ko attajiri ya zama uban ƙungiya, ba a karɓar kaya bashi ko da burodi ne, sannan kuɗin da aka bayar don wani abu ba a karkatar da shi zuwa wani. Saboda haka akan sami lokacin da akwai kuɗin gini ajiye a banki, amma babu na madarar gobe.

Wannan ya fito fili daga tsakiyar 1838, lokacin da asusun marayu ya ƙare. Da farko Müller ya ɓoye wa ma'aikata, amma a watan Satumba ya tara su ya faɗa musu halin da ake ciki, suka amince ba za a sayi abin da ba a da kuɗinsa a hannu ba, kuma ba za a faɗa wa mutanen waje ba. A shekarun da suka biyo baya sau da yawa da safe ake samun kuɗin abincin rana. Wani ɓangare na labarin da ba a cika ambata ba shi ne rawar da ma'aikatan suka taka. Malamai da masu reno sun jira albashinsu, wasu sun kawo ɗan abin da suka tara, wasu sun sayar da kayansu don a sayi gawayi ko abinci. A gaskiya, a waɗannan shekaru su ne suka zama asusun ajiyar gidan. Müller ya rubuta cewa duk da haka yaran ba su taɓa rasa abinci ba.

Akwai sanannen labarin safiyar da aka zaunar da yara babu abinci, sai ga mai burodi ya kawo burodi, keken mai madara kuma ya lalace a ƙofar gidan. Wannan ya zo ne daga bakin wata mata da ta ce ta gani tana yarinya, shekaru da yawa bayan faruwarsa.

Abin da ya fi tasiri wajen shigowar kuɗi shi ne rahoton shekara. A cikinsa ana jera kowace gudummawa komai ƙanƙantarta, har da zobe, cokali, tsofaffin tufafi ko buhun dankali, ba tare da bayyana cikakken sunan mai bayarwa ba, sannan a nuna yadda aka kashe, bayan masu binciken kuɗi sun duba. Daga 1837 kuma ya fara buga tarihin rayuwarsa kashi-kashi, wanda aka karanta a ƙasashe da dama. Masu suka sun ce waɗannan rubuce-rubuce roƙo ne a fakaice, kuma maganarsu na da ƙamshin gaskiya, tunda duk wanda ya karanta ya san inda zai aika kuɗi. Shi ma ya san da wannan zargi. A ƙarshen 1841, lokacin da talauci ya yi tsanani, da gangan ya jinkirta taron shekara da fitar da rahoto har watanni, don kada a ce da su ya dogara. Shi dai a wurinsa babbar manufar aikin ita ce nuna cewa Allah yana amsa addu'a, jin daɗin yaran kuma na biye. Ko a 1856 da wani ya aiko fam 100 don a fara tara masa kuɗin tsufa, bai karɓa a kan wannan sharaɗi ba.

Ashley Down

A watan Oktoba 1845 maƙwabta suka kawo ƙorafi game da hayaniyar yara da matsalar magudanar ruwa. Müller ya ga suna da gaskiya, ya yanke shawarar yin gini a wajen gari. Gudummawar farko ta gini, fam 1,000, ta zo a watan Disamba. A farkon 1846 ya sayi fili kimanin eka bakwai a Ashley Down a kan fam 120 kowace eka, bayan mai filin ya sauko daga fam 200 da ya yi niyyar nema. Ba a fara aikin ba sai a watan Yuli 1847, domin ya ƙi a aza tubali kafin kuɗi su taru. An buɗe gidan a watan Yuni 1849 da gurbin yara 300, an kashe kusan fam 15,000, har da ragowar canji.

Jerin masu jiran shiga ya ci gaba da tsawo, don haka aka buɗe gida na biyu a 1857 mai ɗaukar 400, sai na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870, kowanne mai ɗaukar 450. Jimilla gurbi 2,050 ke nan, ginin duka kuma ya ci sama da fam 100,000. Gine-ginen na dutse ne, babu ado, amma da manyan tagogi don iska da haske. A 1874 kimanin mutum 2,100 ake ciyarwa kullum, yara da ma'aikata.

Girman wurin ya zo da nasa matsalolin. A ƙarshen Nuwamba 1857 tukunyar ɗumama gida na farko ta fara yoyo, ga sanyi ya kama, ga yara 300, kuma gyaran na buƙatar a kashe wuta a fasa bango. Müller ya rubuta cewa ranar da aka fara aikin iska ta juya ta koma mai ɗumi, masu gyaran kuma da kansu suka zaɓi kwana suna aiki, aka gama cikin kimanin awa 30. Samun ma'aikata ma bai zo da sauƙi ba. Da za a buɗe gida na uku, yawancin waɗanda suka nemi aiki tun da farko ko sun yi aure ko an ga ba su dace ba, sai da aka ɗauki watanni kafin a cike guraben.

Rayuwar yaran

Ana koyar da karatu, rubutu, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da Littafi Mai Tsarki, kuma akwai mai duba makarantu da cibiyar ta ɗauka. Har an zargi Müller da ba marayu ilimin da ya wuce matsayinsu, da hana masana'antu da ramukan haƙar kwal samun ƙananan leburori. Maza kan fita suna da shekara 14 zuwa koyon sana'a, cibiyar ce ke biyan maigidan da zai koya musu. Mata kan zauna har 17, mafi yawansu su tafi aikatau, wasu aikin jinya ko koyarwa. Kowa na fita da akwatin kwano mai tufafi da Littafi Mai Tsarki. Rayuwar ta tsari ce mai tsanani, da kaya iri ɗaya da manyan ɗakunan kwana, irin abin da masana kula da yara suka juya wa baya a ƙarni na 20.

Iyali, tafiye-tafiye da rasuwa

Matarsa Mary ta rasu a watan Fabrairu 1870. A 1871 ya auri Susannah Grace Sangar, 'yarsa Lydia kuma ta auri James Wright, wanda ya zama mataimakinsa. Daga 1875 zuwa 1892 ya bar wa Wright kula da gidajen ya shiga yawon wa'azi, inda ya yi tafiyar kimanin mil 200,000 a ƙasashe 42, ciki har da Amurka, Indiya, Sin, Japan da Ostareliya. Cibiyarsa ta kuma tallafa wa 'yan mishan da yawa, har da na ƙungiyar Hudson Taylor a ƙasar Sin.

Ya rasu da safiyar 10 ga Maris 1898 a ɗakinsa da ke gida na uku, yana da shekara 92, aka binne shi a maƙabartar Arnos Vale. Kuɗin da suka bi ta hannunsa don ayyukan cibiyar sun haura fam miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Bayan rasuwarsa aka gano cewa fiye da fam 81,000 na gudummawar daga aljihunsa suka fito, daga kyaututtukan da aka yi masa shi kansa. Abin da ya bari bai wuce kimanin fam 160 ba, mafi yawa littattafai da kayan ɗaki.

Bayan rasuwarsa

James Wright ya ci gaba da shugabanci har zuwa 1905. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma tsarin ƙananan gidaje masu kama da na iyali, kuma a 1958 aka sayar da gine-ginen Ashley Down, suka zama kwaleji. A yau wani ɓangare na hannun City of Bristol College, wani kuma an mayar da shi gidajen zama. Gidauniyar da ke ɗauke da sunansa na nan a Bristol, tana riƙe da takardun marayun da suka zauna a gidajen da kuma ƙaramin gidan tarihi.