Heinrich Brauns, limamin cocin da ya kafa harsashin rage awannin aiki maimakon korar ma'aikata a Jamus

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe masana'antu da shaguna a Turai, ma'aikata kusan miliyan 6 a Jamus sun rage zuwa aiki ko sun zauna a gida gaba ɗaya, amma ba a sallame su ba. Asusun inshorar rashin aikin yi ne ya riƙa cike musu wani kaso na albashin da suka rasa. Jamusawa na kiran wannan tsari Kurzarbeit, a Faransanci kuwa an fi saninsa da chômage partiel. Mutumin da ya shigar da shi cikin dokar ƙasa tun shekarun 1920 limamin cocin Katolika ne, ɗan tela, mai suna Heinrich Brauns.

An haifi Brauns ranar 3 ga Janairun 1868 a birnin Kolon. Ya karanta ilimin addinin Kirista, aka naɗa shi limami a 1890, aka tura shi Krefeld, garin masaƙa da ya yi suna wajen siliki da karan-miski. A lokacin injina na ƙwace sana'ar masu saƙar hannu, magidanta da dama sun rasa abin yi. A 1895 aka mayar da shi Borbeck kusa da Essen, a yankin Ruhr mai arzikin kwal. Can ya goyi bayan ƙungiyar ƙwadago ta Kiristoci masu haƙar kwal, abin da ya sa masu ma'adinai da hukumomi suka riƙa yi masa kallon ɗan gurguzu cikin rigar coci.

A 1900 ya koma Mönchengladbach, hedikwatar Volksverein, babbar ƙungiyar wayar da kan mabiya Katolika a Jamus, inda ya shafe shekaru yana horar da shugabannin ƙwadago kan tattalin arziki da dokokin aiki. A 1905 ya sami digirin digirgir a jami'ar Freiburg, kuma bincikensa a kan abin da ya gani da idonsa ne a Krefeld: yadda saƙa ta tashi daga hannu ta koma masana'anta.

Bayan Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na ɗaya, an zaɓe shi a 1919 cikin majalisar da ta rubuta tsarin mulkin Jamhuriyar Weimar, a ƙarƙashin jam'iyyar Zentrum ta 'yan Katolika. A watan Yunin 1920 ya zama ministan ƙwadago, ya kuma riƙe kujerar shekara 8 cif, cikin gwamnatoci 12 da shugabannin gwamnati 6. A ƙasar da gwamnati kan faɗi cikin 'yan watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Zamanin kuwa mai tsanani ne. A watan Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, albashin safe ba ya sayen burodin yamma. Da aka fito da sabon kuɗi, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. A nan ne ma'aikatar Brauns ta fitar da dokar 16 ga Fabrairun 1924, wadda ta tanadi tallafi ga ma'aikacin da aka rage wa awannin aiki saboda kasuwa ta faɗi. Dabarar ta riga shi, domin tun 1910 wata doka ta tanadi diyya ga ma'aikatan ma'adinan kanwar taki da aikinsu ya ragu, amma wannan ta tsaya ga sana'a guda. A hannun Brauns ne abin ya zama ginshiƙi a tsarin kare ma'aikata na ƙasa.

Hikimar tsarin mai sauƙin fahimta ce. A ce masana'anta mai ma'aikata 100 ta rasa rubu'in cinikinta. Tana iya korar mutum 25, ko kuma kowa ya yi kashi uku cikin huɗu na aikinsa. Idan ta kore su, asusun gwamnati zai ɗauki nauyinsu gaba ɗaya, ita kuma ta rasa ƙwararrun da ta daɗe tana koyarwa, ranar da kasuwa ta farfaɗo sai ta koma neman sababbi. Idan ta rage awanni, ita za ta biya aikin da aka yi, asusu ya cike wani ɓangare na giɓin, kowa ya koma gida da abin cefane. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, asarar da za ta durƙusar da gidaje 25 sai ta rarrabu a kan 100.

Babban aikinsa ya zo a 1927. A watan Yuli majalisar dokoki ta Reichstag ta amince, da gagarumin rinjaye, da dokar samar da aiki da inshorar rashin aikin yi, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Ma'aikaci da mai kamfani suna zuba kashi 3 cikin 100 na albashi, rabi da rabi, a wata hukuma ta ƙasa da wakilan ƙwadago da na masu kamfanoni da na hukuma ke gudanarwa tare. Daga nan kuɗin da marar aiki ke karɓa ya zama haƙƙinsa da ya biya da guminsa, ya daina zama taimakon da sai an binciki talaucinsa kafin a ba shi. Tallafin masu gajeren aiki ma ya sami gurbi a cikin wannan doka.

Brauns bai tsira daga suka ba. A Disambar 1923 ma'aikatarsa ta sassauta dokar aikin awa 8 a rana, wadda ma'aikata suka samu a 1918, ta ba da damar a kai har awa 10 a wasu wurare. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ga ya ba masu kamfanoni kai bori ya hau. Su kuma masu kamfanoni suna jin haushin ikon da hukuma ta samu a zamaninsa na tilasta sulhu kan albashi idan tattaunawa ta cije. A 1928 jam'iyyar SPD ta karɓi ma'aikatar, Rudolf Wissell ya gaje shi. Shekara guda bayan haka Brauns ya shugabanci babban taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Jeniba.

Sai ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. An tsara asusun ne don ɗaukar marasa aiki kimanin 800,000, amma a farkon 1932 adadinsu ya haura miliyan 6. Asusun ya kasa. Gardama kan ƙarin kuɗin da za a riƙa zubawa a cikinsa ce ma ta kayar da gwamnatin Hermann Müller a watan Maris na 1930, gwamnati ta ƙarshe a Weimar mai rinjaye a majalisa. A 1931 shugaban gwamnati Heinrich Brüning ya ɗora Brauns a kan kwamitin ƙwararru kan rashin aikin yi. Kwamitin ya ba da shawarar rage awannin mako domin aikin ya zagaya, da kuma ƙirƙiro ayyukan gwamnati, amma kaɗan aka aiwatar, domin gwamnatin ta riƙe tsuke bakin aljihu.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, suka rusa ƙungiyoyin ƙwadago, suka haramta Volksverein, suka gurfanar da Brauns gaban kotu tare da wasu jagororinta. An wanke shi a 1935. Ya ƙarasa rayuwarsa a Lindenberg, a kudancin Jamus, inda ya mutu ranar 19 ga Oktoban 1939, makonni kaɗan da fara yaƙin duniya na biyu.

Abin da ya gina ya farfaɗo bayan yaƙi. Hukumar aiki ta tarayya da ke Nürnberg a yau magajiyar wadda dokar 1927 ta kafa ce. A ƙa'ida tana biyan kashi 60 cikin 100 na albashin da ma'aikaci ya rasa bayan cire haraji, ko kashi 67 idan yana da 'ya'ya. A 2009 tattalin arzikin Jamus ya ragu da kimanin kashi 5, ma'aikata wajen miliyan 1.4 suka shiga tsarin a watan Mayu, rashin aikin yi kuma bai ƙaru sosai ba. A 2020 Faransa ta sa ma'aikata sama da miliyan 8 a irinsa, Tarayyar Turai kuma ta ware rancen da ya kai yuro biliyan 100 domin ƙasashenta su bi wannan hanya.

Tarihin Brauns ya nuna iyakar dabarar. Tana aiki idan koma-bayan na ɗan lokaci ne, idan an tara kuɗi tun ana cikin wadata, idan kuma baitulmali na shirye ya tallafa ranar da asusu ya ƙare. Sannan tana kare mai albashi ne da sunansa ke cikin rajista, ɗan kasuwa da mai aikin yini ba sa ciki. A 1932 asusun ya kasa ɗaukar nauyin dukkan marasa aiki. A 2020 gwamnatin tarayya ta zuba biliyoyin yuro a asusun, miliyoyin ma'aikata suka koma bakin aikinsu da aka buɗe masana'antu.